Daga Tasmaniya Zuwa Durɓi Ta Kusheyi: Haƙƙin Waɗanda Ke Kwance

 

Kwanakin baya na raka wata gawa a nan Dawaki. Tsohuwa ce, ta cika da asuba. Kafin hantsi ya dubi ludayi an yi mata wanka, an sa ta a likkafani, an sallace ta a ƙofar gida. Da aka ɗauki makara, mai shayi ya ajiye butarsa, mai faci ya bar tayar da yake liƙi, masu babur suka kashe inji suka gangara gefen hanya. Ba wanda ya umarce su. A makabarta aka jera itace, aka cuɗa laka aka toshe, aka tura ƙasa, aka yayyafa ruwa, liman ya yi addu'a. Muka juyo gida kowa hankalinsa a kwance cewa an kai ta gidanta na gaskiya, ba mai sake taɓa ta sai ranar tashi.

Wannan kwanciyar hankalin nake so mu tattauna a kanta yau, domin akwai mutanen da aka hana su ita shekara fiye da ɗari. Zan fara da su, sannan in dawo gida, don maganar ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

A kudancin ƙasar Ostareliya akwai wani tsibiri da ake kira Tasmaniya. Mutanensa na asali, waɗanda Turawa suka kira Aborijin, sun shafe dubban shekaru a wurin kafin Turawan Ingila su sauka a 1803. Cikin ƙasa da shekara arba'in, yaƙi da cuta da kora suka kusan gamawa da su. A cikin 'yan kaɗan da suka rage akwai wani mutum William Lanne, wanda ya rasu a birnin Hobart a 1869. Gawarsa na kwance a ɗakin ajiye gawa na asibiti, wani likita mai suna William Crowther ya shiga da dare, ya zare ƙoƙon kansa, ya cusa ƙoƙon kan wani Bature a madadinsa don kada a gane. Da masanan ƙungiyar Royal Society ta Tasmaniya suka ga an riga su, sai aka yanke hannuwan gawar da ƙafafunta. Bayan an binne abin da ya saura, aka sake tone kabarin. Shi wannan likita, shekara tara bayan haka, shi ya zama firimiyan Tasmaniya, har aka kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar gari.

Akwai wata tsohuwa a garin da labarin nan ya kai kunnenta, sunanta Truganini. Ta san abin da aka yi wa ɗan'uwanta shi ake shirin yi mata. Sai ta yi wasiyya, ta roƙa, ta ce idan ta mutu a kai ta can wuri mafi zurfi a cikin teku kusa da tsibirin da aka haife ta, a sake ta, don kada a yayyanka ta. Ku ji irin wasiyyar da tsoro ya sa tsohuwa ta bari. Ba gona ta yi wasiyya a kai ba, ba tufafi ba. Jikinta kawai take roƙo a bar mata.

Ta rasu a watan Mayu na 1876. Aka binne ta a harabar wani tsohon gidan kurkukun mata. Shekara biyu tsakani aka tono ta. Daga 1904 zuwa 1947 ƙwarangwal ɗinta na tsaye a cikin akwatin gilashi a gidan tarihin Tasmaniya, mai wucewa ya kalla, 'yan makaranta su kalla. Shekara arba'in da uku. Sai a 1976, shekara ɗari cif bayan rasuwarta, aka miƙa ta ga mutanenta, suka ƙona ƙasusuwan bisa zaɓinsu, suka watsa tokar a ruwan da ta roƙa. Ko a lokacin ma ba ta dawo duka ba, don sai a 2002 ƙungiyar likitocin fiɗa ta Ingila ta maido da ɗan gashinta da fatarta da ke ajiye a can.

Me ya kai masu ilimi ga wannan aiki? A wancan zamani Turai ta yarda da wani ra'ayi cewa in ka auna ƙoƙon kan mutum za ka san matsayin jinsinsa, a jera 'yan Adam kamar matakalar bene, Bature a sama, baƙar fata a ƙasa. Suka kuma ce Aborijin sun kusa ƙarewa, gara a tara ƙasusuwansu tun kafin su ɓace. Ra'ayin ƙarya ne, ilimi da kansa ya watsar da shi. Mutanen kuma ba su ƙare ba. Jikokinsu ne suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, suka yi ta rubuta takardu, suka yi ta zuwa kotu, har ranar 15 ga Fabrairu 2021 shugabannin gidan tarihin Tasmaniya da na ƙungiyar Royal Society suka tsaya a gaban dattawan Aborijin a Hobart, suka ambaci abin da magabatansu suka aikata, suka ce laifi ne, suka nemi gafara. A shekarar da ta biyo baya aka mayar da wasu duwatsu masu zane da aka yanko daga wani wuri mai alfarma da ake kira Preminghana tun shekarun 1960. Mutum-mutumin likitan nan kuwa, majalisar birni ta yanke shawarar cire shi a 2022, ya kuma bar dandalin a 2024.

A ƙarshen 2021 gidan tarihin jihar Ostareliya ta Kudu, a birnin Adelaide, shi ma ya nemi gafara. Ƙasusuwan mutum wajen 4,600 ne a rumbunsa a lokacin. Aka ware fili aka yi makabarta ta musamman, al'ummar Kaurna suka binne kakanninsu fiye da ɗari a zagayen farko. A cikin waɗanda suka cika irin waɗannan rumbuna akwai wani jami'in binciken mutuwa na garin, William Ramsay Smith, wanda ya riƙa tura sassan gawarwaki Jami'ar Edinburgh. An taɓa kafa kwamiti a kansa, kwamitin ya wanke shi. Shekarar da aka wanke shi ita ce 1903.

Ku riƙe wannan shekara, jama'a, don ita ce za ta dawo da mu gida.

Ranar 29 ga Janairu 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta baro Zariya, soja fiye da ɗari bakwai, da igwa da bindiga mai jigida. Garin farko da ya rufe musu ƙofa shi ne Bebeji, maƙwabtanmu na nan kusa. Aka harba igwa a ƙofar gari, sarkin garin ya mutu tare da wasu manyansa. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga. Sarkin Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. Shi Alu aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Kabarinsa na can har yau, a gari ɗaya da na Sarkin Zazzau Kwasau da na Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Wasiƙun Larabci da aka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari aka kwashe, daga baya wani jami'i mai suna Backwell ya fassara su ya buga a 1927. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a masu ɗimbin yawa, manoma suna barin gonakinsu suna bin sa. Aka cim masa a Burmi, a jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903. Ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, gawarwaki zube a gindin tuta.

Abin da ya biyo baya ba a cika faɗar sa a aji ba. Masana tarihi sun rubuta cewa an yanke kan Sarkin Musulmi, aka ɗauki hoto, aka riƙa nuna hoton don jama'a su tabbata ya mutu, su daina bin sawunsa. Tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu ke nan. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Shekara uku kafin nan Faransawa sun yi wa Rabe haka a Kusuri, sun sare kansa sun ɗauki hoto. Saboda haka idan muka ji labarin William Lanne, kada mu ɗauka labarin wasu mutane ne na bangon duniya. Zamani ɗaya ne, ra'ayi ɗaya ne, wani lokacin ma mutanen ɗaya ne. Manjo Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya rubuta littattafai kan al'adun Hausawa da kan bori, ya kuma fitar da wani a 1912 da tun daga sunansa ya kira mutanen kudancin Zazzau masu wutsiya mafarautan kawuna, haifaffen birnin Melbourne ne a Ostareliya.

Tutar Attahiru da aka ɗauke a Burmi ta dawo. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, sojoji suka miƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato. Abu ne mai kyau, ba zan rage masa daraja ba. Amma har yau gwamnatin Ingila ba ta tsaya ta ce abin da aka yi wa gawar mai tutar laifi ne ba.

To ga wanda ya fi kama da na Tasmaniya. A gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, akwai wuri da ake kira Durɓi Ta Kusheyi. Sunan kansa ya faɗi abin da ke wurin: kusheyi, wato kaburbura. Tuddai ne da Katsinawa suka gada suna cewa nan sarakunansu na farko, Durɓawa, suke kwance. A 1907 jami'in mulkin mallaka Richmond Palmer, wanda daga baya ya zama laftanar gwamnan Arewa, ya sa aka tone wasu daga cikin tuddan nan. An ce da yardar Sarkin Katsina Dikko aka yi. Amma mu tuna, a lokacin sarkin bai daɗe da hawa ba, Turawan ne kuma suka naɗa shi bayan sun tuɓe wanda ya gabace shi. Yarda a irin wannan hali tana da wuyar aunawa. Abin da aka fitar daga kaburburan a wannan haƙa ya ɓace. Babu shi a Katsina, bayanin da aka bari a rubuce kuma ɗan kaɗan ne. An buɗe makwancin sarakunan wata al'umma, an ɗebe abin da ke ciki, ya salwanta, ba wanda ya taɓa zuwa Mani ya ce a yi haƙuri.

A 1992 aka sake haƙa wasu tuddai uku, wannan karon masanan Jamus ne tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya. Aka yanko kaburburan da ƙasarsu ɗungurungum, aka ajiye a Katsina. A 2007 aka tura su birnin Mainz na Jamus don a gyara a kuma bincika. Abin da aka gani ya ɗaga darajar tarihin ƙasar Hausa: kwanon tagulla da ya fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, kayan ado na zinariya, awarwaro na hauren giwa, wuri, duwatsun wuya, ragowar tufafi, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Hujja ce cewa tun wancan lokaci Katsina na ciniki da duniya mai nisa. A 2014 kayan suka dawo Nijeriya.

Ku dubi tazarar da ke tsakanin haƙa biyun nan. Ta farko, mai bindiga ya ɗauka, abu ya ɓace. Ta biyu, an yi yarjejeniya, an rubuta abin da ya fita, an dawo da shi. Ni ba mai gaba da bincike ba ne, na ma yi murna da abin da Durɓi Ta Kusheyi ta koya mana. Duk da haka akwai tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kwano da zobe kaya ne, a sa su a gilashi kowa ya gani. Waɗanda aka binne da kayan fa? Mutane ne. Wani ya yi musu kuka ranar da aka rufe su. In an gama aunawa da gwadawa, haƙƙinsu ne a mayar da su ƙasa. Dattawan Aborijin sun yi wannan gwagwarmaya kan wani kakansu da aka tono a bakin tsohon tafkin Mungo a 1974, wanda masana suka ce ya kai shekara 42,000. Jami'ar da ta riƙe shi ta nemi gafara a 2015, ya koma ƙasarsu a 2017, aka sake binne shi a 2022. Tsufan ƙashi bai sa suka daina ganin sa a matsayin mutum ba.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a majalisa. Ya ce, "Malam, waɗannan ai mutanen jahiliyya ne, kayansu kuma kayan tsafi. Ina ruwan Musulmi?" Na ce masa, Allah gafarta malam, kai ka fi ni sani cewa ya tabbata Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya kuma nuna wa sahabbai cewa shi ma rai ne. Ka kuma san addininmu ya daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na karya shi yana raye. Ba wanda ya ce a bauta wa kabari. Cewa aka yi a bar mai shi ya kwanta. Wanda ya tone Durɓi kuma bai tsaya tambayar addinin mai kabari ba, kamar yadda wanda ya yanke kan Attahiru bai ji nauyin cewa Sarkin Musulmi ne ba.

Yanzu mu zo kan ita neman gafarar. Mu a nan ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Yaron da ya yi Ahalari ya san sharuɗɗan tuba: ka yi nadama, ka daina, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in kuma da haƙƙin wani a hannunka ka mayar masa. Ko a zaman aure, wanda ya ɓata wa matarsa ta yi yaji, ba ya aika saƙon waya ya ce an gama. Biko ake yi. Manya ake ɗauka, a taka har gidan iyayenta, a cire takalmi a zaure, a faɗi laifin da sunansa, a saurari faɗa kai a sunkuye. Da wannan ma'aunin nake auna abin da ƙasashen Turai ke yi.

A 2013 Ingila ta biya tsofaffin Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin Mau Mau fam miliyan 19.9, bayan sun kai ta kotu a Landan. Ministan harkokin wajenta ya ce suna takaicin abin da ya faru. Sarki Charles ya je Kenya a 2023, shi ma ya nuna baƙin ciki da takaici. Lauyoyi ne ke zaɓar irin waɗannan kalmomi. "Na ji takaicin abin da ya same ka" magana ce ta mai jaje. "Ni na yi maka, ka yafe mini" magana ce ta mai laifi. Kowane Bahaushe ya san ba ɗaya ba ne. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka kai wa Sarkin Asante kayan zinariya da azurfa 32 da aka kwashe daga fadar Kumasi, amma a matsayin aro na shekara uku, saboda dokokinsu, ciki har da wata ta 1963, sun hana su bayarwa. A ara wa mai kaya kayansa, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Jamus ta fi kusa da ma'auninmu: a Disamba 2022 ministar harkokin wajenta ta zo Abuja da ƙafarta, ta kawo kashin farko na kayan tagullar Benin da aka wawashe a 1897, ta kuma faɗa a bainar jama'a cewa ɗaukar su kuskure ne, riƙe su ma kuskure ne.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu tashi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi kaca-kaca da Birnin Ƙonni, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Jikokin mutanen garuruwan nan sun haɗa kai, sun sami lauya, sun kai kuka ga Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a buɗe musu kundin ajiya, a amsa laifi, a dawo da abin da aka ɗauka. A 2025 Faransa ta ba da amsa a rubuce. Ta ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta ɗauki alhaki ba. Amsar ba ta gamsar ba. Sai dai da ba su tambaya ba, ko wannan ba za su samu ba.

Akwai kuma gefen da ba daɗin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sojojin da suka harba igwa a Bebeji, Turawa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Mafi yawansu baƙar fata ne, da yawa ma da Hausa suke magana. A Satiru, a 1906, inda aka kashe mutum kimanin 2,000 aka shafe garin, dawakin Sakkwato na tare da sojan Turawa. Mu da ke kudancin Kano mun gaji labarin hare-haren Ningawa a ƙasar Rano, amma mutanen duwatsun can su ma sun gaji labarin hare-harenmu da 'ya'yansu da aka kamo aka sayar. Mai neman a ba shi haƙuri ya kamata ya shirya bayarwa in an zo kansa.

Ɓarnar ma ba ta tsaya a zamanin Turawa ba. A Kwatarkwashin nan da Waziri Ahmadu ya faɗi, a shekarun 1990 mutane suka yi ta tone ƙasa suna fito da tsofaffin siffofin yumɓu, dillalai na saye da araha suna fitarwa. Haka aka yi a yankin Nok, haka a ƙasar Katsina. Uku daga irin kayan nan, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, suka bayyana a gidan tarihin Louvre na Paris a 2000. Bayan surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta amince na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Wa'adin zai cika a 2027. Dokar 1979 ta hana sayar da kayan tarihi ko fitar da su ba izini, amma wanda ya riƙe diga ya tone, ɗan gida ne, talauci ne ya tura shi.

Zan faɗi na gidanmu don kada a ce ina nuna wasu da yatsa. Kakana yana da kundi a cikin gafaka, rubutun hannu, takardun sun yi ja don tsufa. Akwai Alƙur'ani, akwai littattafan fiƙihu, akwai wasu 'yan warƙoƙi da aka rubuta sunayen kakanni da garin da suka taso kafin su zauna a nan. Bayan rasuwarsa, a wata shekara da damina ta yi gardama, wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya zo gari. Aka sayar masa da gafakar gaba ɗaya, kuɗin bai fi na 'yan kwanonin hatsi ba. Ina yaro, ina tsaye a zaure, na ga ya ɗaure ta a bayan keke. Ba na zargin wanda ya sayar, yunwa ce a gidan. Amma yau 'ya'yana na tambayata daga ina muka zo, amsar kuma ta tafi a bayan keken nan.

Abin da ya sa dattawan Aborijin suka kai ga ranar da aka tsaya a gabansu aka nemi gafara shi ne sun san abin da suke nema. Sun bi rumbunan ajiya ɗaya bayan ɗaya, daga Edinburgh zuwa Manchester zuwa Cambridge. Sun san akwati kaza, lamba kaza, an ɗauke shi daga wuri kaza a shekara kaza. Masu huɗu da Kyaftin Cook da mutanensa suka kwashe a 1770 sun dawo hannun jikokin masu su a 2024, bayan shekara 254, don ba a taɓa daina ambaton su ba. Mu fa? Mutanen Benin suna da lissafin tagullarsu. Ƙasar Hausa ba ta fito da nata lissafin ta ajiye a gaban duniya ba. Takubba nawa, tutoci nawa, sulke da lifidi nawa, littattafai nawa suka bar Kano da Sakkwato da Haɗeja tsakanin 1903 da 1906? Ba za ka je biɗar bashi ba ka san nawa kake bi ba.

Saboda haka ina kira, cikin ladabi. Ga masu martaba sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku, musamman fadar Rano, Autan Bawo, mai tarihin da ya kai na kowace masarauta tsufa: a sa a rubuta abin da fada ta mallaka da abin da dattawa suka tuna ya fita. Ga malamanmu na Jami'ar Bayero da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Arewa House a Kaduna: yawancin gidajen tarihin Turai sun zuba jerin kayansu a intanet, ɗalibi mai kwamfuta zai iya zama a Kano ya tattara duk abin da aka rubuta Kano ko Sakkwato ko Katsina a jikinsa, da sunan wanda ya kai da shekarar da ya kai. A ba ɗalibai wannan aiki. Ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa: a rubuta wa Ingila a hukumance a nemi bayanin abin da Palmer ya fitar a 1907, a kuma zauna da mutanen Mani a kan makomar ƙasusuwan da aka fitar a 1992.

Ga mu kuma talakawa, namu ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. Dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe, kun san tsofaffin makabartu da kufai da ke ƙasarku, daga Rurum zuwa Tarai, daga Saji zuwa Durba. Kun san inda garma ta fara ci, da inda masu ɗiban ƙasar bulo suka matso. A kewaye su ko da da aduruku ne. Wanda ya tono tukunya ko ƙashi a gona ya mayar da ƙasa ya sanar da mai unguwa, kada ya nemi dillali. Mai gafakar kakansa ya fito da ita daga inda gara ke ci, ya sa jikansa ya ɗauki hoton kowace warƙa da waya, ya riƙe abinsa.

Ni dai ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan la'asar zan je wurin gwaggona, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga kundin nan a buɗe. Ta ce tana tuna sunaye huɗu daga cikin warƙoƙin, da sunan garin da aka taso. Na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, zan tafi da babban ɗana ya riƙe biro.